Birazil ma wurin zuwa ce, kuma akwai tarihinmu a can

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wata ƙasa da ba kasafai sunanta ke fitowa ba idan ana hirar tafiye-tafiye a tsakaninmu, wato Birazil, babbar ƙasar nan ta Kudancin Amurka. Duk wanda ya saurari masu hali a nan Zariya, ko a Kaduna da Kano, sa'ad da suke shirin fita waje, zai ji wurare ƙalilan ne ake ta maimaitawa. Akwai Saudiyya domin ibada, wadda ba ta da na biyu kuma ba da ita nake ba, sai Dubai domin sayayya, Masar da Indiya domin neman magani, Ingila kuma domin duba yara a makaranta. Birazil kuwa, in an ambace ta, ƙwallon ƙafa ce ke fara zuwa a ran mutum, musamman ga waɗanda suka kalli wasan Atlanta na 1996 inda Najeriya ta doke ta da ci 4 da 3, sai kuma hotunan bikin rawar nan na shekara-shekara da ake nunawa a talabijin, waɗanda suka sa da yawa daga cikinmu suka yanke cewa ba wurin da mutumin kirki zai kai iyalinsa ba ne. A ganina an yi gaggawar yanke wannan hukunci, domin in ka cire ƙasashen da ke kan hanyar aikin hajji ta dā, da wuya a samu wata ƙasa a wajen Afirka ta Yamma da Bahaushe ya bar sawu a tarihinta kamar yadda ya bari a Birazil, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin da mai hali da mai neman ilimi za su sa ta a lissafi.

Wurin da ya kamata baƙo daga ƙasar Hausa ya fara dosa shi ne birnin Salvador, hedikwatar jihar Bahiya da ke arewa maso gabashin ƙasar, a bakin Tekun Atlantika. Shi ne babban birnin ƙasar na farko, tun daga 1549 har zuwa 1763 lokacin da Turawan Fotugal suka mayar da mazaunin mulki Rio de Janeiro. Arzikin rake da taba ne ya gina shi, kuma bayin da aka kwaso daga Afirka ne suka yi wannan noma. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa daga cikin dukan 'yan Afirka da aka ƙetarar da su teku, kusan kashi 40 cikin ɗari a Birazil aka sauke su, wato mutum sama da miliyan huɗu, kuma ita ce ƙasa ta ƙarshe a nahiyar Amurka da ta haramta bauta, ranar 13 ga Mayun 1888. Shi ya sa ƙidayar jama'a ta 2022 ta nuna cewa fiye da rabin mutanen ƙasar, waɗanda yawansu ya kai miliyan 203, baƙar fata ne ko kuwa masu ruwa biyu, a Salvador kuwa su ne mafi rinjaye nesa ba kusa ba.

Yadda Hausawa suka tsinci kansu a can ba labari ne mai daɗin ji ba, amma bai kamata mu kauce masa ba. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun haifar da fursunoni masu yawa daga kowane ɓangare, da waɗanda suka yi yaƙi a ƙarƙashin tuta da waɗanda suka yaƙe ta, da kuma bayin Allah fatake da manoma da aka tare a hanya ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Daga hannu zuwa hannu ake sayar da su, ta ƙasar Nufe da ƙasar Yarbawa, har a kai su bakin ruwa a Ikko ko Badagiri ko Wida, inda jiragen 'yan kasuwar Bahiya ke jira da tabar da aka shafa wa ruwan rake, wadda a lokacin take da farin jini ƙwarai a wannan gaɓa. Ƙasar Zazzau tana kan hanyar da ayari ke bi zuwa Nufe, kuma ita ma ta sha nata rabon na waɗannan yaƙe-yaƙe, saboda haka ba abin mamaki ba ne da wani jakadan Faransa a Bahiya mai suna Francis de Castelnau, wanda ya zauna da bayi Hausawa yana yi musu tambayoyi game da ƙasashensu, ya kuma wallafa abin da suka faɗa masa a 1851, ya samu daga cikinsu mutanen Kano da mutanen Zazzau. Turawa ne suka sayi mutanen nan suka azabtar da su, wannan gaskiya ne, amma hannun da ya fara kama su ya miƙa su kudu hannunmu ne, kuma duk wanda zai je Bahiya ya kamata ya je da wannan sani a ransa.

Mutanen da aka kai ɗin ba su sunkuyar da kai ba. A 1807 hukumomin Salvador suka bankaɗo wani shiri na bayi Hausawa, wanda aka ce ya haɗa da ƙwace jiragen ruwa domin komawa gida. A 1809 aka sake yin wani bore a yankin gonakin da ke kewaye da birnin, a 1814 kuma wasu ɗaruruwa suka far wa wuraren kamun kifi na Itapuã, arewa da birnin, kuma a dukan waɗannan Hausawa ne hukuma ta ɗora wa alhaki. Mafi shahara shi ne na daren 24 zuwa wayewar garin 25 ga Janairun 1835, wanda ya faɗo cikin goman ƙarshe na watan Ramadan, wanda kuma ake kira boren Male, sunan da ake kiran Musulmi 'yan Afirka da shi a Bahiya. A wannan karon Yarbawa Musulmi ne suka fi yawa, amma akwai Hausawa da Nufawa da Barebari, kuma daga cikin malaman da aka gurfanar akwai wani Bahaushe 'yantacce, mai sayar da taba, da ake kira Dandara, wanda yake karantar da almajirai a shagonsa. Labarin shirin ya fasu kafin lokacin da aka tsara, 'yan doka suka kai samame wani gida cikin dare, mutanen da ke ciki suka fito da takubba sanye da fararen riguna, aka yi ta gwabzawa a titunan birnin na wasu sa'o'i. Sun nemi su fasa kurkukun da ke ƙarƙashin ginin majalisar birni domin su fito da wani dattijon malami mai suna Pacífico Licutan, wanda almajiransa ke kira Bilal, da aka tsare ba don wani laifi ba sai don ubangidansa ya ci bashi aka kama shi a matsayin dukiya. Ba su yi nasara ba, kuma a gaban barikin sojan doki na Água de Meninos aka murƙushe su. Kimanin mutum 600 ne suka shiga boren, wajen 70 daga cikinsu suka rasa rayukansu, aka harbe huɗu ranar 14 ga Mayun wannan shekara, aka yanke wa Malam Bilal bulala aƙalla dubu, aka kuma kora 'yantattu masu yawa zuwa Afirka. Zuri'ar irin waɗannan da suka dawo, da waɗanda suka biyo bayansu da kansu, su ne Aguda na Legas, waɗanda magininsu ya gina masallacin Shitta Bey da aka buɗe a 1894.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan tarihi shi ne kayan da 'yan doka suka samu a jikin mamatan da kuma gidajen waɗanda aka kama. Layu ne ɗinke cikin fata, da alluna, da tawada, da ƙananan takardu ɗauke da ayoyin Alƙur'ani da addu'o'i cikin irin rubutun da duk wanda ya yi makarantar allo a cikin birnin Zariya zai gane da kallo ɗaya. Masu mulkin da yawa ba su iya karatu ko da a harshensu ba, sai ga bayinsu suna rubutu da wani baƙin da su ba su san kansa ba, har sai da aka nemo wani bawa Bahaushe ya karanta wa masu bincike abin da ke cikin takardun. Wasu daga cikin waɗannan takardu suna nan har yau a ma'adanar takardun tarihi ta jihar Bahiya, tare da bayanan shari'ar da aka yi. Bayan shekara talatin da wannan, a 1866, wani malami mai suna Abdurrahman al-Bagdadi ya sauka a Rio a cikin jirgin ruwan Daular Usmaniyya, ya tarar da baƙaƙen fata Musulmi suna salla a ɓoye, ya zauna da su na wasu shekaru yana karantar da su a Rio da Bahiya da Pernambuco. A ƙarshen wannan ƙarni wani likitan Bahiya, Nina Rodrigues, ya riski tsofaffin da suka rage, har ya rubuta jerin kalmomin Hausa daga bakinsu. Daga nan sai wannan Musulunci ya dusashe, domin 'ya'ya da jikoki sun taso cikin matsi ba makaranta ba masallaci, kuma Musulmin da ake gani a ƙasar yau galibi zuri'ar Larabawan Labanan da Siriya da Falasɗinu ne, sai sababbin musulunta da baƙi daga Afirka.

Wanda ya je Salvador zai iya bin sawun wannan labari da ƙafarsa, domin tsohon garin yana nan tsaye. Unguwar Pelourinho, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1985, tana da gidaje masu launi iri-iri da titunan duwatsu da manyan majami'u, kuma a dandalinta ne ake ɗaure bayi ana yi musu bulala a bainar jama'a. Birnin hawa biyu ne, na kan tudu da na bakin ruwa, an haɗa su da wata na'urar hawa da sauka mai suna Lacerda wadda tsawonta ya kai mita 72, tana aiki tun 1873, kuma dandalin da take saukar da mutane a sama shi ne inda ginin majalisar da aka tsare Malam Bilal yake. Akwai gidan tarihin al'adun Afirka a tsohuwar makarantar likitoci, akwai kuma wata ƙaramar cibiyar Musulunci inda ake sallar Juma'a, wadda wani malami ɗan Najeriya ya daɗe yana jagoranta. Ya kamata in faɗa wa mai karatu cewa abin da ya fi bayyana na gadon Afirka a birnin shi ne bautar gargajiya ta Yarbawa, wadda ta cakuɗa da Kiristanci, kuma ita ce masu yi wa baƙi jagora suka fi ɗokin nunawa. Tarihin Musulmi sai mutum ya tambaya, wani lokaci ma sai ya nace, kuma a ganina rashin zuwanmu na cikin abin da ya jawo haka, tun da mai jagora abin da baƙi ke nema shi yake koya.

A bakin titunan birnin za a ga mata sanye da fararen kaya da ɗaurin ɗankwali, suna zaune gaban kasko suna suyar abin da suke kira acarajé, wanda ba komai ba ne illa ƙosai, na wake da albasa, sai dai a cikin manja ake soya shi, a tsaga shi a zuba masa busasshen jatan lande da yaji. Akwai kuma wani girki na shinkafa da busasshen nama da har gobe a jerin abincin Bahiya sunansa shinkafar Hausa. A arewa maso gabashin ƙasar ana karin kumallo da garin masara da aka turara, mai kama da dambu. Amma cinikin bai tsaya a gefe guda ba, domin abubuwa da dama da muke ɗauka namu ne na gado daga can suka zo. Rogo daga Kudancin Amurka yake, haka gyaɗar da aka yi dala da ita a Kano, haka abarba da koko, kashu kuwa asalinsa arewa maso gabashin Birazil ne. Jiragen da suka tafi da mutanenmu su ne suka kawo mana wasu daga cikin waɗannan iri, kuma yau Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya.

Wannan ya kawo ni ga dalili na biyu, wanda ya shafi Zariya kai tsaye a matsayinta na garin binciken aikin gona, mai cibiyar Samaru da ta Shika. A tsakiyar Birazil akwai wani makeken daji da ake kira Cerrado, mai ciyawa da gajerun itatuwa, mai damina da rani a rarrabe, wanda yanayinsa ya yi kusa da na ƙasar da ta tashi daga Zariya ta yi kudu zuwa Neja da Nasarawa. Har zuwa shekarun 1960 ana ɗaukarsa ƙasar da ba ta noma saboda tsamin ƙasa. A 1973 gwamnati ta kafa hukumar binciken noma ta Embrapa, ta tura matasa masu yawa karatu waje, aka riƙa zuba farar ƙasa domin kashe tsamin, aka samar da irin waken soya da ke jure zafin yankin, har aka kai ga manomi yana girbe waken soya ya bi shi da masara a gona ɗaya cikin shekara ɗaya. Yau ƙasar ce kan gaba a duniya wajen waken soya da gahawa da sukari da ruwan lemo, shanunta sun haura miliyan 200, akasarinsu farare masu tozo 'yan asalin Indiya, kuma ita ce ta fi kowa fitar da naman shanu da na kaji zuwa waje. Mahajjacin da ya ci kaza a Makka ko Madina, akwai yiwuwar daga Birazil aka kawo ta, an yanka ta bisa ƙa'idar Musulunci ƙarƙashin kulawar hukumomin tantance halal na can. Abin da zai ba mutumin Zariya mamaki shi ne ciyawar da ke ciyar da shanun nan galibi daga Afirka aka kai ta, kuma ciyawar gamba da muke saƙa zana da ita, wadda aka fara rarraba wa makiyayan Birazil a 1980, irinta daga tashar bincike ta Shika aka ɗauke shi. Su sun mayar da ita abin shukawa a gona domin kiwo, mu kuwa har yanzu muna jayayya a kan burtali.

Ba ina cewa a kwaikwayi komai ba ne. Wannan bunƙasa ta zo da sare daji mai yawa, ta kuma tattara filaye a hannun mutane ƙalilan yayin da ƙananan manoma da 'yan asalin ƙasar suka rasa nasu, kuma rikicin ƙasa a can ya ci rayuka. Manomin Giwa ko Soba ko Maƙarfi mai 'yar gonarsa ba zai amfana da tsarin da zai mayar da shi ɗan ƙodago a gonar wani ba. Amma wanda ya je ya gani da idonsa shi ne zai iya bambance abin ɗauka da abin bari, kuma tun da gwamnatocin ƙasashen biyu sun daɗe suna maganar shirin kawo injinan noma daga can, gara a ce manyan manomanmu da shugabannin ƙungiyoyin makiyaya sun san ƙasar da kansu, ba jami'an Abuja kaɗai ba.

Game da abubuwan kallo na halitta kuwa, ƙasar da ta ninka Najeriya sau tara a faɗi ba za ta ƙare a ziyara ɗaya ba, kuma kuskure ne mutum ya ce sai ya zagaye ta. Idan zan zaɓa wa mai iyali wuri guda bayan Salvador, zan zaɓi Foz do Iguaçu da ke can kudu, a mahaɗar iyakokin Birazil da Ajantina da Faraguwai. A nan ne kogin Iguaçu ke faɗowa daga kan duwatsu ta magangara kusan 275 da suka jeru a faɗin kusan kilomita uku, mafi girmansu tana zubowa daga tsayin mita 80, ƙararta tana hana mutum jin maganar na kusa da shi, feshinta kuma yana jiƙa tufafi tun daga nesa. Wuri ne da ke sa mai imani tasbihi ba tare da an tuna masa ba. Kusa da nan akwai madatsar ruwa ta Itaipu a kan kogin Paraná, mallakar Birazil da Faraguwai, mai injina 20 da ke iya samar da megawat 14,000 na lantarki, alhali Kainji tamu 760 aka gina ta ta bayar, kuma ana shiga da baƙi a zagaya da su. Garin yana da Larabawa Musulmi masu yawa, da babban masallacin Umar bin Khaɗɗabi, da gidajen abinci na halal, saboda haka matafiyi ba zai sha wahalar salla ko ta abinci ba. Dajin Amazon, wanda kusan kashi 60 cikin ɗarinsa a Birazil yake, ana shigarsa ta birnin Manaus, inda baƙin ruwan kogin Negro da jan ruwan Solimões ke tafiya kafaɗa da kafaɗa na tsawon kilomita shida ba su gauraya ba, sai dai tafiya ce mai tsada da ke buƙatar lafiya da juriyar sauro. Rio tana da duwatsunta da bakin tekunta da filin wasa na Maracanã, amma ni abin da zan ce a nema a can shi ne tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Valongo, wadda aka tono a 2011 lokacin gyaran unguwar, inda aka sauke 'yan Afirka kimanin 900,000.

Babban birnin ƙasar, Brasiliya, ba shi da abin kallo mai yawa, amma ɗan Najeriya zai so ya gan shi saboda kamanninsa da Abuja. An gina shi daga tushe a tsakiyar ƙasar, aka buɗe shi a 1960 domin a janye mulki daga bakin teku, irin shawarar da gwamnatin Janar Murtala ta yanke a 1976, wadda ta sa aka karɓi sunan garin da Abu Ja na gidan sarautar Zazzau ya kafa aka ba sabon birnin tarayya. Matsalarsu ma iri ɗaya ce, domin ma'aikatan da suka gina birnin da masu yi masa hidima a garuruwan gefe suke kwana, kullum su yi sammako su shigo.

Wahalhalun tafiyar ba ƙanana ba ne, kuma ba zan ɓoye su ba. Nisan Legas zuwa Salvador ta kan teku kusan daidai yake da nisan Legas zuwa Landan, amma an daɗe ba jirgin da ke ƙetarawa kai tsaye, sai mutum ya fara yin gabas zuwa Adis Ababa ko Doha ko Istanbul sa'an nan ya juyo ya ratsa Afirka ya sauka Sao Paulo, daga nan ya sake hawa wani jirgin, tafiyar da kan cinye kwana guda cur da kuɗi masu yawa. A watan Agustan 2025, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya kai ziyara ƙasar, an sa hannu kan yarjejeniyar zirga-zirgar jiragen sama tsakanin ƙasashen biyu, kuma samun jirgi kai tsaye mai ɗorewa shi ne abin da zai fi sauƙaƙa wannan tafiya. Ɗan Najeriya yana buƙatar biza, ana nemanta a ofishin jakadancinsu na Abuja ko ƙaramin ofishinsu na Legas, kuma ba a fafe gora ranar tafiya, gara a fara nema da wuri, a kuma tanadi katin rigakafin cutar shawara. Harshen ƙasar na Fotugal ne, mai jin Turanci kaɗan ne ko a manyan birane, don haka wanda bai koyi 'yan kalmomin gaisuwa da na ciniki ba zai dogara da wayarsa wajen fassara. Damina da rani a kudancin ƙasar sun saɓa da namu, lokacin da muke cikin hunturu su suna tsakiyar zafi, agogonsu kuma yana bayan namu da awa huɗu a yawancin manyan birane. Mai gudun bikin rawar nan ya kauce wa makon da ake yinsa, wanda kan faɗo a Fabrairu ko farkon Maris, lokacin da ma kuɗin masauki ke ninkawa.

Abinci yana buƙatar lura, domin girkin wake da suka fi alfahari da shi da naman alade ake yinsa, kuma sukan sa alade ko a cikin abin da mutum ba zai zata ba, saboda haka a tambaya kafin a ci, in an yi shakka a tsaya ga kifi da shinkafa da wake da 'ya'yan itace, waɗanda suke a wadace. Shigar mutane a bakin teku ba irin wadda tarbiyyarmu ta saba gani ba ce, kuma mai iyali zai iya tsara ziyararsa ba tare da ya bi ta can ba. Fashi da ƙwacen waya gaskiya ne a manyan birane, musamman da dare da kuma unguwannin talakawa na kan tuddai, amma wanda ya saba da taka-tsantsan a garuruwanmu ya san abin yi. Gargaɗin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne na kaya. Hanyar Sao Paulo zuwa Legas ta yi ƙaurin suna wajen safarar hodar iblis, hukumar NDLEA ta sha kama matafiya da ita a filin jirgin sama, kuma akwai 'yan Najeriya da ke zaman kurkuku a can saboda haka. Kada kowa ya karɓi saƙon kowa, ko da takalmi ne ko kwalbar turare, ko da mai ba da saƙon ya yi masa magana da Hausa ya kira shi ɗan'uwa. Wannan ɗabi'a tamu ta kunyar ƙin karɓar saƙo ba ta da wuri a wannan hanya.

Ina da roƙo ga Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ke da sashen tarihi mai suna da sashen Larabci da na harsunan Afirka, da kuma Gidan Arewa da ke Kaduna inda ake adana rubuce-rubucen magabata. Masanan Birazil da na Turai da Amurka sun yi aiki mai yawa a kan takardun Bahiya, kuma sun cancanci yabo, amma mutumin da ya tashi yana wanke allo, wanda ya san yadda malaman zaure ke zana hatimi da irin addu'o'in da ake naɗewa a laya, zai iya ganin abin da su ba za su gani ba, har ma ya iya hasashen makarantar da marubucin ya fito daga salon hannunsa. Ya dace a ƙulla alaƙa da jami'ar tarayya ta Bahiya, wadda ke da cibiyar nazarin Afirka tun 1959, a riƙa musayar ɗalibai, a ɗauko hotunan takardun a ajiye kwafinsu a nan inda ɗalibanmu za su iya dubawa, a kuma sa wannan babi cikin darasin tarihi na makarantun sakandare, domin yaro ya san cewa labarin cinikin bayi na Atlantika ba na mutanen kudu ba ne kaɗai. Kamfanonin shirya tafiye-tafiye da ke Kaduna da Kano, waɗanda suka ƙware a kan Umara da Dubai, su ma za su iya gwada haɗa ayari ɗaya a shekara, da mai fassara da malamin tarihi, a je Salvador da Foz do Iguaçu da wata gona a Cerrado, tun da tafiya cikin ayari tana rage kuɗi tana kuma rage fargaba.

Kai kuma Edita, idan hali ya yi, ka tura wakili ko ka nemi ɗaya daga cikin ɗalibanmu da ke karatu a can ya riƙa aiko wa jaridar nan rahoto da Hausa, da hotunan takardun nan domin malamanmu na zaure su gani su faɗi abin da suka karanta a ciki. Na gode da wannan fili da aka ba ni.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Tudun Wada, Zariya.